Rijiyar Gidan Alhaji Abdulwahid

Ranar da aka ce an samu guba a rijiyar gidan Alhaji Abdulwahid, kafin a kira la'asar duk unguwar Zongo ta Kwatano ta riga ta san wanda ya zuba. Ba wanda ya ga komai, amma kowa ya sani. Masu shayi sun sani, masu zemijan, wato baburan haya, da ke jiran fasinja a bakin masallaci sun sani, har matan da ba su taɓa leƙa gidan ba suka rantse dama sun daɗe ba su yarda da idon Chaïbou ba.

Chaïbou mutumin Nijar ne, sana'arsa wankin duro. Yakan sayo manyan duro masu launin shuɗi daga wajen tashar jiragen ruwa, ya wanke su a jikin katangar Alhaji, ya sayar wa masu ajiyar ruwa. Shi ne kuma ke jawo wa matan gidan ruwan wanki daga rijiyar. Wannan kaɗai ya ishi samarin unguwa hujja. Suka kifar masa da kaya, suka fasa masa leɓe, suka rufe masa ido ɗaya. Alhaji ya ce bayan sallar Juma'a zai miƙa shi komisariya wajen ƴan sanda, matarsa da ƴaƴansa kuma su kwashe komatsansu daga ɗakin da ya ba su haya. Ga iyakar Nijar a rufe, ba su da inda za su dosa.

Sai da aka gama duk wannan aka tuna da Malam Boureima.

Malam Boureima mai bin sawu ne, ko kuma a ce ya taɓa zama. A ƙuruciyarsa, can arewa wajen Kandi, in aka kore wa makiyayi shanu shi ake zuwa ɗauka. Yakan dubi ƙasa ya faɗa maka wace saniya ce gurguwa, kuma ɓarawon sauri yake yi ko ya saki jiki. Tsufa ne ya kawo shi Kwatano wajen ɗansa, garin da aka shimfiɗe wa tituna da bulo, babura kuma suka tattake sauran. Gwiwoyinsa sun gaji, idonsa na dama ya fara hazo. Abin da ya fi gajiyar da shi kuwa, mutanen Zongo ba sa kiransa don ya nemo musu mai laifi. Sai sun zaɓi wanda suke so, sannan su kira shi ya sa albarka.

Yana zaune a ƙofar gida yana shafa wa gwiwa man zafi, wata budurwa mai farin gilashi ta durƙusa ta gaishe shi. Hanane ce, ƴar ƙanen Alhaji, wadda ke karatun sinadarai a jami'a.

"Baba, ni na jawo wannan fitinar," in ji ta. "Ni na auna ruwan. Ban ce ga wanda ya zuba ba, wallahi ban ce ba. Amma Baffa ba ya saurarona. Liman ne ya roƙe shi ya bari ka duba kafin Juma'a."

"Ai an gama shari'a, ƴata. Me ya rage in duba?"

"Ƴaƴan mutumin, Baba. Tun jiya ba su fito ko ƙofa ba."

Malam Boureima ya daɗe yana kallon gwiwarsa kamar ita zai tambaya izini. Sannan ya rufe gwangwanin man, ya ce ta miƙo masa sandarsa.

*

A hanya ta ba shi labarin. Ruwaida, autar Alhaji, ba ta wuce shekara bakwai ba, amma jikinta ya fara nuna alamun girman da ba lokacinsa ba. Likita ya duba ta, ya ce ana iya tsayar da abin da magani, sai dai ya tambaya me take ci, wane ruwa take sha. Shi ya sa Hanane ta aro na'urar da suke gwaji da ita a labo, ɗakin gwaje-gwajen jami'arsu.

A tsakar gidan ta buɗe masa ita. Wani ɗan akwati ne baƙi, bai fi bulon sabulu biyu ba, da siraran gilasai jere a gefe.

"Jikin mutum yana da ƴan aike, Baba. Su ke tafiya cikin jini su ce wa yarinya lokacin girma ya yi. To akwai sinadarai a cikin roba da magungunan ƙwari da wasu mayukan shafawa da ke kwaikwayon ƴan aiken nan, jiki ya karɓe su bai sani ba. A kan gilashin nan an shafa irin abin da ke karɓar saƙon a jikinmu. In na ɗiga ruwa, haske ya ratsa ta ciki. Ruwan in mai tsabta ne, wayata ta nuna kore. In akwai maƙaryatan nan a ciki, sai su maƙale a gilashin, hasken ya sauya, ta nuna ja."

Ta ɗiga ruwan famfo, kore. Ta sauya gilashi ta ɗiga na rijiya, wayar ta yi ja wur.

"Tana faɗin sunan mai shi?"

"A'a. Ko sunan sinadarin ba ta faɗi dalla-dalla, sai an kai babban labo. Ita dai ta ce akwai."

"To ashe ni da ita sana'armu ɗaya. Mu ce an wuce ta nan, mutane su ƙarasa sauran da bakinsu."

Ya zagaya rijiyar. An ɗaure bakinta da siminti, an rufe da faifan ƙarfe mai ƴar ƙofa a tsakiya. Yashin kewayen an share shi tas, ƙafar rabin unguwa kuma ta bi ta kai. Ba abin da za a karanta a wurin. Ya tambayi matan gidan wa ke shan ruwan rijiyar, suka dube shi kamar ya zage su. Tun da aka jawo famfo ba mai sha, wanki ne kawai da wanke-wanke.

*

Chaïbou yana cikin ɗakinsa a kwance, fuska ta kumbura. Da ya ga Malam Boureima ya yi ƙoƙarin tashi, tsohon ya ce ya zauna.

"Baba, mi na yi musu? Shekara nawa ina ja musu ruwa, ko tsinke ban taɓa ɗauka ba. Ɗiyana ma da ruwan nan ake musu wanka."

"Duron da kake sayowa, me ke cikinsu kafin su zo hannunka?"

"Wasu manja, wasu ruwan lemo na kamfani. Wasu kuma, gaskiya, ban sani ba. Rubutun nasara ne a jiki."

Wannan amsar ba ta yi wa Malam Boureima daɗi ba. Mutumin da ke son tsira da ya ce duk manja ne. Ya fita ya tsaya inda Chaïbou ke wanki, ya sa aka kwara bokitin ruwa a ƙasa. Ruwan bai nufi katangar Alhaji ba, ya gangara kwata ta ɗaya hannun, ya bi ta bayan gidan wani tela. Gidan telan ma da rijiya, ƙasar Kwatano kuwa yashi ce, abin da ka zubar yau gobe ka jawo shi a guga.

"Auna min rijiyar tela," ya ce wa Hanane.

Ta auna. Kore, da ɗan dishi-dishi da ta ce ba a rasa shi a kowace rijiya ta cikin gari. Suka shiga wani gidan da ke manne da na Alhaji ta gabas, shi ma haka.

"Da ta ƙarƙashin ƙasa abin ya bi, da maƙwabta sun samu rabonsu," in ji Hanane a hankali.

"Ta baki aka ba rijiyar nan," in ji Malam Boureima. "Zuba mata aka yi. Da hannu."

Sai dai wannan bai wanke Chaïbou ba, don shi ma yana da hannu, kuma kullum yana buɗe ƴar ƙofar.

*

A cikin gidan akwai wata ƴar haya, Chérifa, mai haɗa man shafawa tana kaiwa kasuwar Dantokpa. Matan gidan suka yi ta yi wa Malam Boureima nuni da ɗakinta da ido, don watannin baya ta yi cacar baki da mahaifiyar Ruwaida a kan igiyar shanya. Ya same ta zaune cikin robobi tana juya wani farin haɗi da muciya.

"Na san za a zo kaina," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "In ba baƙo ba, to bazawara. Bismillah, Malam, ga su nan, a auna."

Hanane ta ɗauraye roba ɗaya ta ɗiga. Wayar ta yi ja, ko da yake bai kai na rijiyar ba. Chérifa ta saki muciyar.

Malam Boureima ya ji wani sanyi a ransa, irin na mai son a gama a tafi gida. Ga faɗa, ga sinadari, ga ɗaki kusa da rijiya. Amma ya saba da irin wannan sanyin, ya san sau da yawa gwiwoyinsa ne ke magana ba hankalinsa ba.

"Ina kike zubar da ruwan wankin robobin?"

"A masai. Ka tambayi kowa, har faɗa ake min wai ina cika musu shi. Rijiyar nan kuwa tun ranar da aka ce min ba da kuɗin hayata aka gina ta ba, ban ƙara taka wurin ba. Famfo nake saye."

Ya tambaya, aka tabbatar masa, har da ƙarin bayanin da bai nema ba. Kafin ya fita ya roƙi abu ɗaya: a share kewayen rijiyar da yamma, a yayyafa ruwa, gobe kada kowa ya sa tsintsiya sai ya zo.

*

Washegari rana na fitowa ya iso. Ya durƙusa da ƙyar, ya karkata kai don idon hagu ya yi aikin.

Yashin ya yi laushi, ya riƙe duk abin da aka ba shi. Kaji sun bi ta kai, kyanwa ta tsallaka. Bayan su sawun mutum biyu ne kawai. Na farko silifa ne ƙanana, taku gajeru, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa, a gefen dama kuma ramin sanda a kowane taku. A bakin rijiyar ramin sandan ya yi zurfi, mai shi ya jingina da nauyinsa yana jan abu. Na biyu ƙafar yarinya ce ba takalmi. Ta zo, ta tsaya ƙafa a haɗe, ta juya da gudu.

Ya bi sawun silifan da ido. Bai yi nisa ba, ya shige ɗakin ƙarshe, inda aka rataye wani ɗan kofin silba a ƙusa. Ɗakin Hajiya Hamsatou ne, mahaifiyar Alhaji, tsohuwar da duk Zongo ke kira Inna, wadda rabin matan unguwa ita ta yi musu wankan jego.

Ya ɗaga ƴar ƙofar ƙarfen, sai ga wata siririyar takarda maƙale a mahaɗinta, fara fat, a naɗe kamar ganyen albasa. Ya sa a aljihu. Ya kuma roƙi Hanane ta saki guga har ƙasa ta karkaɗa. Abin da ya hau ba laka ba ce. Wani farin dabge ne kamar kamu, da guntayen takarda a ciki.

Ya ce yana son shayi.

A wurin mai shayi ya fiddo takardar yana juyawa. Babu rubutu, ruwa da rana sun cinye. Ya ajiye ta a kan murfin tukunya don ya karɓi kofinsa, da ya waiwayo ta yi baƙi ƙirin.

"Tike ne, Baba," in ji Hanane, ta matso da sauri. "Irin rasit ɗin nan da mashin ɗin kanti ke fitarwa. Ba tawada a mashin ɗin, zafi ne ke rubutawa. Kuma hodar da ake shafa wa irin takardar nan..." Ta cire gilashinta. "Da yawansu akwai sinadarin a jiki. Mun karanta. Amma wa zai kwashi tike ya zuba a rijiya?"

"Sha shayinki," in ji shi.

*

Butik ɗin Alhaji yana kan babban titi, na shinkafa da mai da madara. Malam Boureima ya bi layin a hankali, kansa a ƙasa. Ƙofar kantin magani tike ne birjik, ƙofar mai sayar da wayoyi haka, iska na wasa da su har cikin kwata. Da ya iso ƙofar Alhaji sai ya tsaya. Ledoji na nan, ɓawon lemo na nan, amma tike ko ɗaya babu. A gefen ƙofar, cikin inuwa, an shimfiɗa ƴar tabarma da carbi a kai.

Ya sayi ƙullin sukari, yaron shago ya yago masa tike. Ya nisanta shi da ido. A can sama, kafin sunan butik, an buga Bismillahi da harafin Larabci.

"Tabarmar wa?"

"Ta Inna ce. Kullum da yamma nan take zama. Duk wanda ya yar da tike sai ta tsince, har faɗa take wa mutane."

Malam Boureima ya zauna a kan buhun shinkafa ba tare da an ce ya zauna ba. Ya san al'adar, shi ma da ita ya tashi. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barinta a ƙasa, ba a kai ta juji. Ko a binne ta a wuri mai tsarki, ko a sa ta cikin ruwa mai tsabta. A Zongo ina wurin binnewa, bayan kowane lungu fitsari ne da kwata?

Ya nemi ganin Alhaji su biyu a cikin sito. Ya faɗa masa komai, a hankali, bai ƙara ba bai rage ba. Alhaji, mutum mai jiki da murya, ya saurara yana tsaye, sannan ya nemi abin zama.

"Ni na sa aka buga Bismillar," ya ce. "Don albarka."

Can Alhaji ya kamo hannun tsohon.

"Malam Boureima, Inna ba ta san komai ba. Mun ɓoye mata maganar guba saboda hawan jininta, ce mata muka yi za a yi yasar rijiya. Yarinyar nan ita ce ranta. In ta ji da hannunta ne, wallahi ba za ta kai azumi ba. Ka ce sawu ya ɓace. Ba zan kai Chaïbou komisariya ba, zan sallame shi cikin mutunci, ya koma unguwar Avotrou ko wani wuri, ya sake sabon zama."

"Da sunan wanda ya sa wa yarinya guba? Wa zai ba shi ɗaki, Alhaji? Wa zai sayi duronsa ya zuba ruwan sha?"

"Uwata ce."

"Na sani."

Ya so ƙwarai ya ce to. Ya gaji, kuma ba wanda zai tuhume shi, tsoho ne mai ido ɗaya a garin bulo. Abin da ya iya yi wa Alhaji alkawari shi ne ba zai ambaci suna ba.

*

Bayan sallar Juma'a tsakar gidan ta cika. Liman ya zauna a kujera, Alhaji a gefensa yana ta share gumi. Aka kawo Chaïbou ya rakuɓe jikin bango, Chérifa ta tsaya a ƙofarta ta harɗe hannu. Samarin da suka yi dukan suka jeru a zaure. Alhaji ya riga ya sa an kai Inna ɗaki an sakaya ƙofa, wai hayaniya ba ta yi mata kyau.

Malam Boureima ya yi magana a zaune. Ya faɗi inda ruwan Chaïbou ke gangarawa da abin da aka gani a rijiyoyin maƙwabta. Ya faɗi inda Chérifa ke zubar da nata. Sannan ya nuna musu farin dabgen da aka kwaso, ya ce wa Hanane ta yi aikinta.

Ta ɗebi ruwan famfo a kofin gilashi, ta auna a gaban kowa, kore. Ta jefa sabon tike a ciki, ta juya, aka jira. Da ta sake aunawa wayar ta yi ja.

"Takardu ne irin wannan, shekara da shekaru," in ji Malam Boureima. "Wanda ya zuba bai yi da mugunta ba, bai ma san akwai wani abu a jikinsu ba. Ba Chaïbou ba ne, ba wannan baiwar Allah ba ce. A rufe rijiyar, a ba mutumin nan haƙuri. Iyakar abin da na gani ke nan."

"To wane ne?" wani saurayi ya ɗaga murya daga zaure.

"Ba shi da amfani."

"Yana da amfani! In ba shi ba ne, a faɗi mai shi. Ko dai an ba tsoho na goro ne?"

Guna-guni ya tashi. Wani ya ce ai Chaïbou ma yana iya tsintar tike. Malam Boureima ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi ƙasa. Liman ya ɗaga hannu ba wanda ya kula. Hanane, da ranta ya ɓaci, ta ɗauki kofin za ta watsar a kwata.

"Ke! Hanane! Kada ki kuskura!"

Inna ce a bakin ƙofarta, dogare da sanda. Hayaniyar ce ta fito da ita. Ta tako a hankali, ƙafar hagu na jan ƙasa, mutane suna buɗa mata hanya.

"Da karatunki da komai za ki zubar da sunan Allah a kwata? Kawo nan in kai rijiya wajen ƴan'uwansa."



"Inna, koma ɗaki," in ji Alhaji.

"In koma ina? Kai ne ka buga Bismillahi a takarda kana raba wa kowa, har da masu maye, suna yarwa ana takawa. Ni nake bin bayanka ina tsincewa. Ban da rijiyar nan ina wuri mai tsarki ya rage a unguwar nan?" Ta juya wajen Liman tana neman shaida. "Ruwan da ya sha sunan Allah haka, Malam, ai ya fi na famfo. Shi ya sa kullum da safe nake ba Ruwaida kofi guda kafin ta tafi makarantar lakwal. Tun da aka yaye ta ban taɓa fashi ba."

Daga cikin mata mahaifiyar Ruwaida ta yi wata ƴar ƙara, aka riƙe ta. Inna ta dube ta, ta dubi ɗanta, ta dubi jan hasken da ke hannun Hanane. Tsohuwa ce amma ba wawa ba ce. Ta san ana kai yarinyar asibiti, ta kuma ga yadda kowa ke kauce wa idonta.

"Me ke cikin ruwan?"

Hanane ta durƙusa a gabanta. "Kaka, ba sunan ba ne, takardar ce. Akwai wani abu a jikinta da ba shi da kyau ga yara. Ba mu tabbatar shi ne ya jawo ba, na rantse miki, sai likita ya ƙara bincike. Kuma ya ce za ta warke."

Inna ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ta nemi bakin rijiyar ta zauna, sandar ta zame ta faɗi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙin kallo. Samarin zaure suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Malam Boureima ya ji tausayi ya cika masa ƙirji, ya kuma ji haushin kansa, ko da yake bai san me zai yi dabam ba in aka sake ba shi ranar.

Can idon Inna ya sauka a kan Chaïbou. Tun da abin ya faru ba ta gan shi ba.

"Ɗan nan, zo."

Ya taso yana ɗingishi, ya durƙusa. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske, ta daɗe tana duban leɓen da idon da ya rufe.

"Saboda ni aka yi maka haka?"

Chaïbou ya dubi Alhaji, wanda har yanzu bai ɗago kai ba. Ya dubi inda samarin suka tsaya ɗazu. Sannan ya ɗauko sandar daga ƙasa, ya kakkaɓe yashin, ya sa mata a hannu.

"A'a, Inna," ya ce. "Babur ne ya kaɗe ni."

Inna ta waiwayo wajen Malam Boureima, don duk Zongo ta san bai taɓa shaidar abin da bai gani ba.

"Haka ne, Hajiya," in ji shi. "Na ga sawun tayar."